Ruwan tutiya ya hana tsatsa, amma kawunan ƙusoshin suka riƙa tsinkewa

Har yau idan na ji wani ya ce "ai ruwan tutiya ne kawai, kowa ma ya iya", sai raina ya ɓaci. Ƙananan injuna muke haɗawa, kuma akwai ƙusoshi masu zare, 'yan aji 12.9 (lambar da ke nuna ƙarfin ƙusa), da ke riƙe murfin akwatin giya. Da can baƙaƙe muke sa su da ɗan mai a jiki, to duk injin da ya zauna wuri mai laima sai kawunansu su yi jawur da tsatsa. Masu saye suka dame mu da ƙorafi, muka kai ƙusoshin aka yi musu wankan ruwan tutiya na lantarki, wato aka lulluɓe su da tutiya, kaurin maikuron 8 (maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Suka dawo sai ƙyalli suke, muka ɗaure, muka loda.

Ko ɗaya ba ta karye a hannun mai ɗauri ba. Sai bayan an kwana aka fara tsintar kawunansu a ƙasa, ƙarƙashin injunan da ko kunna su ba a yi ba. Ƙusar da aka matse fiye da kima takan miƙe, ta sirance, sannan ta tsinke. Waɗannan kuwa babu alamar miƙewa, sun balle ne ƙas kamar tangaran, daidai ƙarƙashin kai. Aka fara ɗora wa yaran da ke ɗauri laifi, aka auna sifanar awo aka same ta daidai. Aka koma kan mai sayar da ƙusoshin, alhali ragowar baƙaƙen da ba a kai wanka ba suna nan daram a tsofaffin injuna. Sai da muka aika gutsattsarin ɗakin gwaji aka faɗa mana sunan cutar: gautsin haidurojin, wato iskar haidurojin ta shiga ƙarfe ta sa shi saurin ballewa.

Kafin a ɗora wa ƙarfe tutiya sai an tsoma shi a asid don cire tsatsa da ɓawo, sannan a sa shi a kwamin da lantarki ke bi. Duka matakan biyu suna fitar da haidurojin a fuskar ƙarfen. Yawancinsa yana tashi kumfa ya tafi, amma wani kaso yana shigewa cikin ƙarfen, tutiyar kuma ta zo ta rufe masa hanyar fita. Ƙarfe mai laushi bai damu ba. Mai tauri kuwa, da zarar an ɗaure shi, haidurojin ɗin yana tattaruwa a hankali zuwa inda nauyi ya fi yawa, wato gindin zare da ƙarƙashin kai, har tsaga ta buɗe. Shi ya sa ba ta karyewa nan take. Ƙusar aji 8.8, da ba ta kai tamu tauri ba, da wuya ta kamu. Tamu ta 12.9, mai tauri tsakanin 39 da 44 a ma'aunin HRC, ita ce abincinsa.

Maganin kuwa sananne ne, kuma wannan ne ke ƙara min takaici. Ana fito da kayan daga kwami a sa su a tanderu mai zafin digiri 190 zuwa 220 na Salsiyas, cikin awa huɗu da gama wankan, su ɗauki sa'o'i suna gasuwa don haidurojin ya fice ko ya watsu. Ma'aunin ƙasa da ƙasa na ISO 4042 ya yi bayanin wannan dalla-dalla. Gashin kuma yana zuwa ne kafin a yi musu tsomin ƙarshe na kuromet, mai ba da launin ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi, domin zafi yana lalata wannan fatar. Da na tunkari masu wankan, amsar da na samu ita ce: "Ba ku rubuta a gasa ba." Gaskiya ne ba a rubuta ba. Amma lambar 12.9 tana nan ɓaro-ɓaro a kan kowace ƙusa, kuma sana'arsu ce. Kiran waya ɗaya ya isa. Maimakon haka sai da muka bi kowane injin da ya riga ya fita, muka kwance, muka sauya, har da waɗanda ba su nuna komai ba, tunda ido ba ya gane wadda za ta balle gobe.

Daga baya na karanta labarin sabon ɓangaren gadar San Francisco zuwa Oakland a Amurka. A Maris 2013 aka ɗaure manyan sandunan ƙarfe 96, cikin 'yan kwanaki 32 suka tsage, kuma haidurojin aka kama da laifi. Nasu tsomin narkakkiyar tutiya ne, ba na lantarki ba, amma cutar ɗaya ce. Ban ji daɗi ba, sai dai na ɗan samu sauƙin zuciya ganin manyan injiniyoyi ma ta ci su.

Kada wani ya ɗauka na tsani ruwan ƙarfe. Ba na fitar da kaya babu shi. Tutiya tana da halin da fenti ba shi da shi: ko an karce ta, ita ke fara ciyuwa ta bar ƙarfen da ke kusa da karcen lafiya. Nikel da kurom na ado ba haka suke ba, shinge ne kawai, in ya huje tsatsa ta ci ƙarfen ta ƙasa. Kurom mai tauri shi ke sa sandar haidurolik ta shekara tana shiga da fita ba ta cinye ba. Kuza tana sa dalma ta kama waya cikin sauƙi, ruwan gwal kuma yana kan bakin mahaɗan lantarki don ba ya dusashewa. Wanda na fi so shi ne nikel marar lantarki, wanda masu bincike Brenner da Riddell suka bayyana a 1946. Wankan lantarki yana tara kauri a gefuna da kusurwoyi ya bar cikin rami fayau, shi kuwa wannan duk inda ruwan ya taɓa kaurinsa ɗaya, don haka shi muke yi wa bawul masu ramuka.

Kauri ma yana da nasa tarkon, ko da yake bai kai na haidurojin ciwo ba. A zare mai kusurwar digiri 60, duk maikuron ɗaya da aka ɗora yana ƙara wa faɗin zaren kusan huɗu. Ka ce a yi maka 25 don ka more kariya, sai noti ya ƙi shiga. Wannan ko ba komai a teburin haɗi ake gane shi, ba a wajen mai saye ba.

Ƙusoshin murfin dai mun raba su da kwamin lantarki gaba ɗaya. Da muka sake lissafi sai muka ga aji 10.9 ya ishe su, ba ma buƙatar taurin da ya jawo mana masifa. Inda dole sai 12.9, muna sa a yi musu shafen ɓarɓashin tutiya, irin su Geomet, wanda ake tsomawa a gasa ba tare da lantarki ba, da sharaɗin a share su da feshin ƙwayoyin ƙarfe maimakon asid. Sifirin da washa masu tauri da har yanzu ke zuwa wankan lantarki, zanensu yana ɗauke da taurin ƙarfen, da zafin gashi, da tsawonsa, da lokacin da za a fara.

Kuma ba na karɓar "mun gasa" da baki. Ina neman takardar tanderu mai nuna ƙarfe nawa kayan suka fito daga kwami da ƙarfe nawa suka shiga wuta. Gashin ma rage haɗari yake yi, ba ya kawar da shi ɗungurungum, saboda haka kowane kaso ya iso sai mun ɗebi samfur mun ɗaure a faranti mai tauri, mu bar shi aƙalla awa 48 kamar yadda ISO 15330 ya tsara. Masu kula da jadawali suna ƙunƙuni cewa ina riƙe musu kaya kwana biyu a banza. Su yi ta yi. Mai wankan da muke aiki da shi yanzu shi ke fara tambayata taurin ƙarfe kafin ya faɗi kuɗin aiki, kuma saboda wannan tambayar na ba shi kwangilar.