Asabar a St Andrews

Yau ƙanwata ba ta da darasi a jami'a, muka zaga garin St Andrews na ƙasar Scotland a ƙafa. Ba shi da wani girma. Manyan tituna uku ne, duk sun nufi kangon babban cocin da ke bakin teku. Ta West Port muka shiga, ƙofar gari ce ta ƙarshen ƙarni na 16, har yau motoci na kutsawa ta cikinta ɗaya bayan ɗaya.

Mutanen garin nan sun iya rusa gini, amma ba sa taɓa sunansa. A 1559, bayan wa'azin John Knox, jagoran Furotesta masu adawa da cocin Katolika, jama'a suka far wa gidajen limaman Katolika. Na rukunin limaman da ake kira Blackfriars ɗan ɓangare ne ya rage a gefen South Street, tagoginsa wayam. Na rukunin Greyfriars kuwa sai dai ka ga sunansa a allon titi.

Inda na fi daɗewa shi ne gaban tsohon ginin Madras College, bayan kangon Blackfriars. Me ya haɗa ƙasar sanyi da Indiya? Ashe Andrew Bell ne, ɗan garin, ɗan wanzami. Ya riƙe makarantar marayu a Madras, da malamai suka yi ƙaranci sai ya sa manyan yara su koyar da ƙanana, kamar yadda gardi ke biya wa kolo a tsangaya. Da dukiyarsa aka gina makarantar nan, aka buɗe ta a 1833, ga kuma titin Bell Street nan kusa. Indiya ta mayar da Madras Chennai tun 1996, su kuwa nan ko a jikinsu.

Muka bi ta Butts Wynd, lungun da ke kaiwa filin koyon harbin baka a da. A 1457 Sarki James na biyu ya haramta wasan golf saboda yana ɗauke wa maza hankali daga kibiya. Yanzu golf ɗin ne ke cika garin da baƙi.

A ƙofar cocin St Salvator ƙanwata ta fizgo hannuna. "Yaya, kauce!" Na duba ƙasa, haruffa biyu ne, PH, an jera su da duwatsu. A nan aka ƙone Patrick Hamilton a 1528 kan aƙidarsa ta Furotesta. Ɗalibai sun ce wanda ya taka zai faɗi jarrabawa. Na ce mata ni ai na gama karatu tuntuni. Ta ce ita ba ta gama ba, kuma tare muke tafe.