Yadda na huda bencina har na daina kiran yaro ya riƙe min katako

Ni dai tun ina yaron shago a Kano abin da na taso na gani shi ne, in za ka goge katako da filen sai ka buga wani guntu da ƙusa biyu a kan benci ya tokare maka, in yanka za ka yi ka sa gwiwa ka danne, in abin ya fi ƙarfin gwiwa ka ƙwala wa yaro kira ya zo ya riƙe. Haka ogana ya koya min, haka na zo da shi Legas na kama ɗan shago a Agege, kuma wallahi ban taɓa ganin aibun abin ba sai ranar da nake fafe ramin makulli a jikin wata ƙofa, yaron da ke riƙe min wayarsa ta yi ƙara ya saki hannu ɗaya zai duba, ƙofar ta goce, cizal ya sauka a gindin babban yatsana na hagu. Kwana goma ban iya riƙe zarto da kyau ba. A zaman jinyar nan ne nake ta kallon kafintocin Turai a YouTube, sai na lura kusan kowa bencinsa duk huji ne a jere kamar gurbin dara, mutum ɗaya ba yaro ba kowa, ya zura wani ƙarfe a hujin ya ƙwala masa guduma sau ɗaya shikenan katako ya zauna daram.

Akwai kuma 'yan guntayen sanduna da suke sakawa a hujin su tokare katako, wai kare suke ce musu a yarensu, ni turke nake cewa. Shi kuma ƙarfen mai lanƙwasa yaran shagona ne suka raɗa masa suna bakwai, don kamarsa ɗaya da lamba 7, sunan ya bi shi har yau. Na duba kuɗin na kanti in an auno shi daga waje, da na lissafa da canjin dala sai na kife wayar na ce ai ƙarfe ne kawai aka lanƙwasa, mu da muke da Owode Onirin a nan kusa da Mile 12 me zai sa in sayi ƙarfe daga Amurka.

Huda bencin shi ne farko. Saman bencina maɗaci ne da na sayo a kasuwar katako ta Amu da ke Mushin, kaurinsa inci 2. Girman huji da aka fi amfani da shi iri biyu ne, akwai na kwata uku na inci wato kusan milimita 19 wanda Amurkawa suka fi so, akwai kuma milimita 20 irin na teburin Festool da suke jera shi da tazarar milimita 96. Ni 20 na ɗauka, ba don wani ilimi ba, bakin diril ɗin da na samu ke nan. Huji biyun farko da ido na yi su, duk sun karkace, ɗaya ma ya tsaga katakon ta ƙasa da bakin ya fita. Daga nan na yi hankali, na samu guntun katako mai kauri na huda shi a miƙe tsaf ina gwadawa da sukwaya, shi nake ɗorawa ya zame wa bakin jagora, sannan na riƙa tokara wani falanki ta ƙasa don kar ya ɓantare. Layin farko inci 3 daga bakin benci, tsakanin huji da huji inci 4. Ka ɗan kashe kaifin bakin kowane huji da samfefa ko magagari, in ba haka ba duk ranar da ka zaro turke sai ya taso da ɓawon katako.

To a kan bakwai ne na sha wahala, kuma duk wahalar daga tunani ɗaya ta fito, na ɗauka abin da ke sa shi riƙewa shi ne ya shiga hujin a matse. Sai na sayi rodi mai santsi milimita 20 daidai da hujin, na kai wa wani mai walda ya yanka gida biyu ya haɗa su kamar sukwaya ya narka musu walda a kusurwa. Da ƙyar ya shiga, sai da guduma, ya sauka kan katakon amma da na ja katakon da hannu sai ya zare abinsa kamar ba a ɗora masa komai ba, fitar da ƙarfen kuma sai da na shiga ƙarƙashin benci ina bugowa sama. Na ƙara masa duka da ƙarfi don haushi waldar ta tsage. Na biyu na ce bari in rage, na ɗauko rodin gini milimita 16 mai zanen nan a jiki, na ce ai zanen zai ciji katako. Ya cija kam, sai dai cin hujin ya riƙa yi, sati biyu huji uku suka koma kamar ƙwai, ya yi musu faɗi har ba sa riƙe komai.

Akwai wani dattijo maƙeri ɗan ƙasar Sakkwato da ke gyara wa mahauta wuƙaƙe da gatari ta wajen mayankar Oko-Oba, shi na kai wa kukana da guntayen ƙarafan a buhu. Na nuna masa bidiyon a waya, ya kalla sau biyu bai ce komai ba, sannan ya ce, ɗana, kai ba ka ga sandar a karkace take zama ba? Na ce Baba ni na ɗauka kuskuren mai hudawa ne. Ya yi dariya ya ce in je in samo rodi mai santsi wanda bai cika hujin ba, kuma kar in sake a yanka shi, guda ɗaya za a lanƙwasa da wuta.

Abin da ya gani a kallo biyu ni na yi wata ban gani ba shi ne, bakwai ba matsi ke riƙe shi ba, karkata ce. In ka buga kansa tafin, wato bakinsa mai faɗi, ya danne katako, hannun ya ɗan buɗe kamar baka, ita kuma sandar sai ta kwanta a cikin hujin, ta tokari bakin huji na sama ta gefe ɗaya, ta tokari na ƙasa ta ɗaya gefen, to a wurare biyun nan take cijewa, hannun da ya buɗe yana son komawa yadda yake shi ke danne maka aikin. In ba sarari a hujin ba za ta samu wurin kwanciya ba, in kuma an yi walda a kusurwa ƙarfen na iya karyewa a wurin. Na samo rodi milimita 18, tsawon kamar inci 20, Baba ya sa a wuta ya lanƙwasa shi da lanƙwasa mai faɗi ba kusurwa mai kaifi ba, ya ɗan wuce da shi ciki kaɗan yadda bakin zai riga taɓa katako, hannun kamar inci 7, ya dake bakin ya yi faɗi kamar cokali. Bai tsoma shi a ruwa ba, a ƙasa ya yar da shi ya huce da kansa, ya ce in aka kashe shi a ruwa zai iya yin tauri ya karye a ƙarƙashin guduma. Guda biyu ya yi min.

Ranar da na gwada kuwa har maƙwabcina mai kushin sai da ya leƙo, duka ɗaya a ka katako ya zauna, na kama katakon na ja sai bencin gabaɗaya ya biyo ni. In za ka cire kuma ka buga sandar ta baya, gefe ba sama ba, sai ya saki.

Kwana huɗu ina jin daɗi sai na ɓata abina da hannuna. Kowa ya san Legas, ka ajiye ƙarfe yau gobe ya yi ja da tsatsa, sai na shafa musu baƙin mai don kariya. Shikenan suka daina riƙewa, ka buga ya yi tsalle ya dawo, har na fara zargin Baba. Ashe man ne, ya shiga har cikin hujin. Na wanke sandunan da fetur, na naɗa tsumma a sanda na goge cikin hujin, sannan na ɗauki samfefa mai lamba 80 na goge sandar, amma a zagaye kamar kana murza wuyan kwalba, ba daga sama zuwa ƙasa ba, don zanen ya kwanta a gicciye ya samu abin kama katako. Yanzu hannun da tafin kawai nake shafa wa kyandir, sandar kuwa 'yar tsatsar da take yi ma taimakonta take.

Wani huji ɗaya kuma da ya faɗa daidai kan katakon da ya haɗa ƙafafun bencin, wurin kaurin ya kai inci 5, shi ko me za ka yi ba ya riƙewa, saboda hujin ya yi tsawo sandar ba ta samun kwanciya. Ta ƙasa na bi shi da baki mai milimita 30 na buɗe, na bar inci 2 da rabi na sama a yadda yake, ya dawo daidai. Haka in saman tebur ya yi siriri da yawa shi ma ba ya yi, na gwada a ƙaramin teburin filawud mai milimita 18 da nake ɗauka zuwa aikin gidaje, ƙarfen kawai yage hujin yake. A wannan teburin dogon bol nake amfani da shi mai milimita 10, in zuro shi ta ƙasa da babban washa, sama kuma guntun katako mai tauri da na fafe wa doguwar tsaga a tsakiya, baki ɗaya a kan aikin, ɗaya bakin a kan wani guntu mai tsayi daidai da aikin, sai in ɗaure da noti mai kunne. Yana riƙewa sosai sai dai ɓata lokaci, kuma ka sa bol ɗin ya fi kusa da aikin ba da guntun tokarar ba, in ba haka ba ƙarfin duk can yake tafiya. Akwai kuma wani tsohon kilam da kansa ya lalace, na goge ƙusar da ke gindinsa da giranda na zare hannun, na zuro sandar ta ƙarƙashin huji na mayar da hannun ta sama, ya zama abin dannewa ba ko sisi.

Turakun kuwa da sandar mofa na fara, ta yi laushi, da iroko na ƙare. Nan ma sai da matsin nan ya sake cin amanata. A watan Janairu na fere su, lokacin ɗan hunturun da Legas ke samu, na yi su cif da hujin ina alfahari. Da damina ta kankama wajen Yuni suka sha danshi suka kumbura, biyu sai da na fasa su kafin suka fita. Yanzu ina rage su su riƙa shiga sakwaf, sai in tsaga ɗan layi a gefe in kwantar da guntuwar wayar hanga mai ɗan doro, ita ke riƙe turken a tsayin da nake so kar ya zurma ƙasa. Fuskar da ke tokarar aiki kuma ba a miƙe nake yanka ta ba, ina ɗan sunkuyar da ita gaba kamar digiri 2, don in an matsa ta danna katakon ƙasa maimakon ta ɗaga shi.

Bayis mai tura katako zuwa turke ban da shi, kuma gaskiya ban ga ranar saye ba, weji, wato guntun katako mai gangare, ke min aikin. Turke a gaba, turke a baya, sai weji biyu suna kallon juna a tsakanin aikin da turken baya, ka ɗan buga ɗaya ya matse. Sirrin kar gangaren ya yi tsini da yawa, ni inci 1 nake ba shi a tsawon inci 8 zuwa 10, wanda na yi da gangare mai yawa da ka fara goge katako yake tofo kansa waje. Na kuma gwada irin faifan nan na filawud da ake huda shi a gefen tsakiya a sa masa hannu, kana juyawa yana matsewa. Yana da kyan gani, baƙi na son taɓa shi, amma ni bai burge ni ba, in ka gusar da hujin da yawa daga tsakiya sakin kansa yake, in ka gusar kaɗan kamar milimita 5 yana riƙewa amma tafiyarsa ba ta da yawa sai ka yi ta cusa guntaye. Ga ƙananan aiki kamar firam ɗin madubi ba laifi. Don filen dai weji ya fi shi.

Saura tabo. Tafin bakwai in ya sauka a katako mai laushi irin obeche sai ya bar masa shaida kamar an danna babban yatsa a tuwo, na taɓa yin sa a fuskar durowar wata Hajiya sai da na ɗora jiƙaƙƙen tsumma na bi da dutsen guga mai zafi kafin wurin ya taso. Na fara liƙa robar tayar babur a tafin, ita kuma baƙi take bari. Wani ɗan garinmu mai gyaran takalma a bakin tashar Agege ya ba ni guntayen fata mai kauri, na manna da gam irin nasu, tun daga nan ban sake ganin tabo ba, in fatar ta cinye in ɓanɓare in sa wata.

Yaron nan yana nan tare da ni har yanzu, shi ne ma ya fi ni saurin buga bakwai, ya koma yanka da haɗa aiki tunda ba riƙo. Bakwai ɗaya kuma maƙwabcina mai kushin ya ara tun kafin babbar sallah, na leƙa na ga har ya huda nasa teburin, da baki mai milimita 25 kuma, hujin ya yi wa sandar faɗi da yawa, yana ta mita wai ƙarfen ba ya kamawa. Ranar Asabar zan koma wajen Baba da rodi ya ƙara min biyu, ɗaya da gajeren hannu kamar inci 4 don aikin da ke kusa da bakin benci.