Asabar: gyaɗa a kwalin ashana

Na yi niyyar ramuwar barci bayan sallar asuba, amma ko ƙarfe takwas ba ta yi ba na jiyo shessheƙar Auta a tsakar gida. Na leƙo, ga ta a tabarma ta ƙudundune cikin zanin Umma saboda sanyin hunturu, littafin lissafi a cinya, hawaye sun jiƙa rabin shafi. Bana ta shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare, an fara musu aljabara. Yarinyar da a firamare ba ta wuce ta biyu a lissafi, yanzu an ba su tambaya goma ta ci biyu.

"Yaya, ni fa lissafi na iya, amma wannan ba lissafi ba ne. Ta yaya za a haɗa lamba da harafi?"

Na karɓi littafin. Tambayar da ta sa ta kuka ita ce 3x + 50 = 500, amsar da ta rubuta kuwa 447. Sai da na ɗan jima ina kallo kafin in gane hanyar da ta bi. An koya musu cewa idan lamba ta "tsallake" alamar daidai sai alamarta ta juya. Ta tsallakar da 50 ta zama ɗebewa, ta sami 450, nan babu laifi. Daga nan ta tsallakar da 3, ita ma ta mayar da ita ɗebewa. Ta bi ƙa'idar da ta haddace sau da ƙafa, ƙa'idar ta kai ta ta baro. Ban ga laifin malamin sosai ba, wanda ke fama da aji cike maƙil dole ya nemi gajeriyar hanya. Ni ma da tsallaken nan aka koya min, kuma sai da na kai aji uku kafin in san dalilinsa.

Na rufe littafin na ce, "Umma ta aike ki shago da naira 500, kin sayo sabulu uku iri ɗaya, an ba ki canjin naira 50. Nawa ne kuɗin guda?"

Ko numfashi ba ta ja ba. "150 mana."

"Ya aka yi kika sani?"

Ta harare ni kamar na raina mata hankali. "Ai canjin za ka cire, sauran ka raba gida uku."

Na buɗe shafin na ajiye a gabanta. Ta dubi 3, ta dubi 50, ta dubi 500, ta sake dubana. Sai ta ce a hankali, "Wato x ɗin nan kuɗin sabulu ne?" Na ce yau kuɗin sabulu ne, gobe yana iya zama shekarun Kaka. Lamba ce kawai da ba mu sani ba tukuna, muka laƙa mata suna don mu iya maganarta kafin ta bayyana. Da na ɗan bincika sai na gano wata matsalar a ƙasa: ba ta san 3x na nufin x sau uku ba. Da na ce mata idan x biyar ne, 3x nawa ne, cewa ta yi 35. Ba wanda ya taɓa gaya mata akwai alamar ninkawa a ɓoye tsakaninsu.

Bayan mun karya na shiga kicin na kwaso kwalayen ashana biyu, na juye tsinkayen a wani kofi, na ɗebo gyaɗa daga wadda Umma ta gyara don ƙuli-ƙuli. Na jera faranti biyu a tabarma na ce su ne kwanukan sikeli, irin na mahautan kasuwa. A na hagu na sa kwali biyu a rufe da gyaɗa uku a fili, a na dama gyaɗa 11. Na gaya mata gyaɗar da ke cikin wannan kwali daidai take da ta wancan, kuma farantan sun yi daidai. Doka guda ce: duk abin da kika yi wa wannan faranti, ki yi wa wancan.

Ta ɗebe uku nan, uku can, saura takwas. Ta kasa su biyu, huɗu-huɗu, kowane kashi a gaban kwalinsa. Ta buɗe kwali, huɗu cif. Dariyar da ta yi har Umma ta leƙo daga kicin. Babu abin da ya tsallaka ko'ina, hannunta ne ya cire daga ɓangare biyu, ya raba a ɓangare biyu.

Zagaye na biyu ne ya zo da abin dariya. Na zuba biyar-biyar a kwalaye, huɗu a fili, 14 a ɗaya farantin. Kafin ta juyo daga shan ruwa ashe baƙar kazar Umma ta lallaɓo ta tsince guda, mu duka ba mu gani ba. Auta ta ƙirga 13, ta cire huɗu, saura tara. Ta tsaya. Tara ba ta rabuwa biyu. Na zuba ido in ga abin da za ta yi, sai ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murza ta tsakanin yatsu, ta rabe gida biyu yadda gyaɗa ke yi, ta ce, "Huɗu da rabi." Aka buɗe kwali aka ga biyar. Nan fa gardama ta kaure, ita ta rantse lissafinta bai karkace ba, kuma gaskiyarta: huɗu da rabi sau biyu tara ne, a ƙara huɗu 13. Farantin ne ya yi ƙarya. Sai da muka hango kazar tana sake zagayowa muka gane ɓarauniyar. Na ji daɗin ɓarnar nan, don ita ta sa Auta ta mayar da amsarta cikin tambaya ta gwada da kanta, abin da na shirya yi mata dogon bayani a kai.

Da rana muka taɓa lambobin da ke ƙasa da sifili. Na ari littafin bashin Umma. Idan ana bin ki 300 kika sami 500, nawa ne naki? 200, ba ta ko yi tunani ba. Idan 200 kika samu fa? "Saura bashin 100." Na ce to shi ne ake rubutawa −100. Umma tana jin mu ta ce ai ko a ƙirgar Hausa akwai ɗebewa, tsofaffi ba su cika cewa goma sha tara ba, "ashirin ba ɗaya" suke cewa, kamar yadda ake cewa "ɗari ba biyu". Har nan lafiya lau. Da muka zo kan dalilin da ya sa −2 sau −3 ke ba da 6, nan na yi ta kame-kame. Na kawo misalin yafe bashi, ta gyaɗa kai irin na ladabi, na san bai shiga ba. Na bar shi sai wani jiƙon.

Bayan magariba Baba ya dawo daga masallaci ya tarar da farantai a tabarma. Muka yi masa sannu da zuwa, Auta ta ba shi labari tana haɗa numfashi. Shi karatun zaure ya yi, kuma akan kira shi zaman rabon gado a unguwa. Ya zauna ya ce bari ya gwada 'yar boko. Mutum ya rasu, an biya bashi, babu wasiyya, iyayensa ba sa raye, ya bar buhun masara 80, mata ɗaya, 'ya'ya maza biyu, mata uku. Matar tana da sumuni, wato ɗaya bisa takwas, namiji kuma rabon mata biyu. Auta ta fitar da buhu 10 na uwar, saura 70, ta kafe. Na raɗa mata ta kira rabon 'ya mace x. Ta rubuta x uku, ta ƙara 2x sau biyu, ta sami 7x = 70. Kowace 'ya buhu 10, kowane ɗa 20. Baba ya ce su kawuna suke ƙirgawa, mace kai ɗaya, namiji kai biyu, kawuna bakwai. Hanya ɗaya ce, shi dai bai taɓa kiranta x ba.

Nan na gaya musu cewa sunan darasin ma daga Larabci ya fito. Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta littafinsa kan hisabin "al-jabr" da "al-muƙabala" a Bagadaza wajen shekarar 820, zamanin Halifa Ma'amun, kuma babban sashe na littafin matsalolin gado da wasiyya ne. Baba ya ce jabr ai ɗori ne, haɗa abin da ya karye. Haka yake a lissafin: idan an ɗebe wani abu a ɓangare ɗaya, sai ka ƙara shi a ɓangarorin biyu giɓin ya cike. Muƙabala kuma ba irin ta malamai da ake yaɗawa a waya ba, a nan jera ɓangarorin ake yi fuska da fuska a soke abin da suka yi tarayya a kai.

Abin da ya fi burge Auta shi ne babu x ko ɗaya a littafin. Da kalmomi aka rubuta komai, abin da ba a sani ba yakan kira shi "shai'", wato abu. Alamar daidai sai a 1557 wani likita ɗan yankin Wales, Robert Recorde, ya ƙirƙiro ta, x da y da z kuma Bafaranshe René Descartes ne ya yaɗa su a 1637. Ta ce, "Wato sun yi shekara 800 babu x, ni kuma ake so in saba da shi a sati biyu?" Baba ya yi dariya har da tari.

Kafin isha'i ta sake tambayoyi takwas ɗin da ta faɗi, ta ci shida. Biyun da suka rage duk masu lambobin bashi ne.

Ina cikin rubuta wannan aka ɗauke wuta. Umma ta laluba inda take ajiye ashana ta ɗauko kwali, ta buɗe ta ji gyaɗa biyar. Tsinkayen kuwa suna cikin kofin da Auta ta sha ruwa da shi da safe, sun jiƙe sharkaf. Yanzu zan saka takalmi in je shago kafin a rufe.