A ƙarshe fstab ya buɗe, ba tare da na fitar da yaron shago daga asusunsa ba

'Yan uwa masu koyon Linux, yau dai Alhamdulillah. Kwamfutar shagonmu na buga takardu a Agege tana kan Ubuntu 22.04, kuma yaron da ke tsare min ita asusunsa ba shi da izinin sudo, wato ikon mai gida na canza saitin kwamfutar, da gangan na yi hakan. Na sa mata faifai na biyu da na sayo a Computer Village, kuɗin har yanzu yana min ciwo, sai ya zama dole in ƙara layi a /etc/fstab, fayil ɗin da ke jera faifan da kwamfuta ke haɗawa idan ta tashi, don ya riƙa hawa da kansa.

Nan fa aka tsaya. Duk tsohon bayani cewa yake ka rubuta gksu gedit don buɗe gedit, manhajar gyara rubutu, da ikon mai gida, alhali an cire gksu daga Ubuntu tun 18.04, a 2018. Na koma kan pkexec gedit, pkexec ma umarni ne na kunna manhaja da ikon mai gida. Taga ta fito, na sa kalmar sirri, sai kawai ya ce ba zai iya buɗe allo ba. Na sake, haka. Raina ya ɓaci sosai, ga mai jiran a buga masa fom yana tsaye, ga janareta yana shan mai. Ashe pkexec yana share kusan duk bayanan muhallin mai amfani kafin ya kunna manhaja, har da DISPLAY da XAUTHORITY, masu nuna wa manhaja allo da izinin shigarsa, don haka gedit ya tashi a matsayin root, asusun mai cikakken iko, amma bai san allon da zai fito a kai ba. Wasu na cewa a buɗe ƙofa da xhost, umarnin da ke ba wasu damar shiga allon. Ni ban yarda ba, ba zan sassauta tsaron kwamfutar da mutane ke kawo filashinsu kullum ba.

Abin da ya yi aiki ɗan ƙarami ne. A cikin Nautilus, manhajar duba fayiloli, na danna Ctrl+L, na rubuta admin:///etc/, polkit, mai tantance izini, ya nemi kalmar sirrina ni mai izini, ba ta yaron ba, sai na buɗe fstab da gedit. Gedit ya ci gaba da aiki a asusunsa, GVfs, tsarin da ke bayan admin:// ɗin, shi ne kaɗai ya yi rubutun da ikon root. Na sa UUID ɗin faifan, wato lambar shaidarsa, na ƙara zaɓin nofail saboda kada wata rana faifan ya ƙi tashi ya tsayar da komai.

Abu ɗaya ku kula: polkit yana riƙe izinin na ɗan lokaci, wajen minti 5. Ban tashi daga kujerar ba sai da ya sake neman kalmar sirri. Gobe sai firintar, CUPS, manhajar da ke kula da firinta, ma tana neman izinin mai gida.