Ƙofa ta bakwai: shekarata ta farko a Venlo

Na isa Venlo, garin da ke bakin kogin Maas a kudu maso gabashin ƙasar Holan, dab da iyakar Jamus, a watan Nuwamba, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe biyar na yamma. Bayan na yi rajista a ofishin hukumar gari an ba ni lambar BSN, wadda ake buƙata wajen albashi da haraji, sai na sayi tsohon keke, na kama aiki a ɗaya daga cikin manyan ɗakunan ajiyar kaya da suka kewaye garin.

A Kantin Kwari, inda na yi shekaru ina kula da siton kawuna, da ka muke riƙe wurin kowace dila. A nan kuwa kowane kwali yana ɗauke da 'yar takarda mai siririyar eriya a ciki, wadda ake kira RFID. Ba ta da batir. Daga igiyar rediyon da na'urar karanta lambobi ta aiko take samun ƙarfin mayar da lambarta, kuma a Turai ana wannan aiki ne tsakanin megahas 865 da 868, wato ma'aunin saurin kaɗawar igiyar rediyo.

Abin da ya ɗauke ni watanni kafin na gane shi ne, jin amsar kwali daban, sanin inda yake daban. Ƙarfe yana mayar da igiyar kamar amsa-kuwwa, ruwa kuma yana shanye ta, saboda haka kwalin da ke nesa yakan amsa da ƙarfi, na kusa da ke bayan jarkokin sabulun ruwa kuma ya yi shiru. Injiniyoyi suna haɗa ƙarfin amsar da matakin hawa da saukar da igiyar ta dawo a kai, amma tsawon hawa da sauka ɗaya bai wuce kimanin santimita 35 ba, kuma ma'aunin yana maimaita kansa duk bayan rabin wannan tsawo, don haka sai da eriya da yawa ake tabbatar da wuri.

A ƙofa ta bakwai aka ajiye ni, ɗaya daga cikin ƙofofin da ake loda wa tireloli kaya, inda eriya ke karanta lambobin kwalayen da aka loda. Sau da yawa kwamfuta takan nuna an loda wa tirelarmu kayan da ke jibge a ƙofa ta takwas, kuma da yake ni ne baƙo, harshen ma bai zauna mini ba, sai zargi ya faɗo kaina. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Na sayi ɗan littafi ina rubuta lokacin kowane kuskure, har na lura cewa yana faruwa ne idan an jera kekunan kaya na ƙarfe tsakanin ƙofofin biyu. Daren da zan kai wa shugabar sashenmu bayanin, sai da na haddace jimlolin da harshen Holanci. Ta saurare ni har ƙarshe, ta kira ma'aikacin na'urori, aka rage ƙarfin eriyar, aka karkata fuskarta, aka kuma shata layin rawaya a ƙasa inda ba a ajiye ƙarfe. A makon da ya biyo baya ta turo mini sababbin ma'aikata biyu, 'yan Folan, domin in nuna musu aikin ƙofar.