Tsohuwar da take riga 'yan sanda gano mai kisa

Akwai wasu littattafan kisan kai da za ka karanta da daddare kuma ka yi barcinka lafiya ƙalau, Turawan Ingila ne gwanayensu. Za a kashe mutum dai kam, amma babu jini yana malala, ba a tsayawa siffanta maka gawa, ƙauye ne ɗan ƙarami kowa ya san kowa, ana shan shayi ana gulma, kuma wanda zai warware lamarin ba ɗan sanda ba ne, wani ne can da babu wanda ya sa shi.

Ni dai a cikinsu duka Miss Marple ta Agatha Christie ce tawa. Ta fara fitowa a gajeren labari a 1927, sai a 1930 aka yi mata littafi sukutum, The Murder at the Vicarage, inda aka iske Kanal Protheroe an harbe shi a ɗakin karatun limamin cocin ƙauyen. Tsohuwa ce da ba ta taɓa aure ba, tana zaune a St Mary Mead, aikinta saƙa da kula da lambu, ga madubin hangen nesa wai na kallon tsuntsaye, alhali dai kowa ya san irin tsuntsayen da take kallo.

Abin da ya sa nake sonta shi ne ba ta da wani kayan aiki sai sanin halin mutane. Sifeto Slack zai zo yana ta hanzari yana ɗaga murya yana ganin wannan tsohuwar ɓata masa lokaci kawai take, ita kuwa tana zaune da zarenta tana cewa wane ya tuna mata da wani yaron shago ko wata 'yar aiki da ta taɓa sani, kai ka ɗauka surutun tsufa ne ashe ta riga ta gama lissafinta. Kuma fa ba ta da yarda ko kaɗan, mafi muni take fara zato ga kowa, murmushin nan nata kar ya ruɗe ka. Duk wanda ya tashi a unguwar da akwai irin iyar nan da ta san cikin kowane gida ba tare da ta fita ƙofa ba zai gane ta nan take.

Guba tana yawa a labaran, kuma da dalili, Christie ta yi aiki a ɗakin haɗa magani na asibiti a Torquay lokacin yaƙin duniya na ɗaya, ta san abin da take rubutawa.

Inda nake da ja kawai, kusan kullum wanda za a kashe ɗin sai an mai da shi abin ƙi don kar ka ji tausayi. Protheroe ɗin nan har limamin da kansa sai da ya ce a wurin cin abinci duk wanda ya kashe shi ya taimaki duniya. Wayo ne, kuma yana ci, amma wani lokacin sai in ji an raina rai da yawa. 'Yan aikin gida ma yawanci kamar marasa kai ake nuna su, wannan kam ba na so.

In za ka fara, nemi A Murder Is Announced na 1950. Jaridar ƙauye ce ta buga sanarwa cewa za a yi kisa ranar Juma'a da ƙarfe 6:30 na yamma a gida kaza, maƙwabta suka ɗauka wasa ne suka hallara da ƙwalisarsu, lokaci na cika wuta ta ɗauke aka ji harbi.