Ranar da na canja wa 'yan wasa na'ura ana tsakiyar gasa

Yaron ya gyara zaman akwatin wasansa a cinya, ya juyo ya zuba mini ido. Mutum takwas suka rage a gasar. Tun safe yake lallasa duk wanda aka haɗa su, amma daga hawansa dandamali sau uku ke nan abokin karawarsa yana tsallako masa, shi kuma yana sakin dukan tarba tun mutumin bai iso ba, ya daki iska.

"Yaya, wannan ba wasan da muka yi da safe ba ne."

Na ce masa wasan ne, a nan dai kwamfuta muka sa saboda ta fi saurin amsawa.

"To ai abin da nake faɗa ke nan," ya ce, ya juya ya ci gaba. A wannan karawar aka fitar da shi. Bai tada jijiyar wuya ba. Ya naɗe wayarsa, ya miƙa wa abokin karawarsa hannu, ya sauka. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na yi shekaru cikin masu shirya ƙananan gasa na wasannin faɗa, irin su Street Fighter da Tekken. Aikin sa-kai ne, mu ne masu jan tebur, mu ne alƙalai, mu ne masu naɗe waya bayan kowa ya watse. Kuma duk taron shiri da muka yi, sai tambaya ɗaya ta dawo: a kan me za a buga, konsol (na'urar da aka ƙera don wasa kawai, irin su PlayStation da Xbox) ko kwamfuta?

Wanda ba ya buga irin waɗannan wasanni zai ɗauka neman magana ne, tunda wasa ɗaya ne a na'urorin biyu. Amma wasan faɗa da firem ake auna shi. Hoto 60 ne ke wucewa a allo cikin kowace daƙiƙa, kowane ɗaya shi ne firem, tsawonsa bai cika milisakan 17 ba. A Street Fighter 6 akwai dukan da ake kira Drive Impact, firem 26 yake ɗauka kafin ya sauka, wato bai kai rabin daƙiƙa ba. A cikin wannan ɗan taƙin za ka gan shi, ka gane shi, ka rama. Idan na'ura da allo suka cinye firem biyar tsakanin danna maɓalli da fitowar motsin, abin da ya rage maka daban; idan uku suka ci, shi ma daban. Hannun ɗan wasa kuwa ba lissafi yake yi ba, sabo ne. Ya saba idan ƙafar abokin gaba ta kai wuri kaza a allo ya danna. Ka rage masa jinkiri ba tare da ya sani ba, dukansa zai riga lokacinsa fita.

Da konsol muka fara, ba kuma don mun zauna mun auna ba. Shi ne ake samun aro. Idan ka ari konsol takwas iri ɗaya daga mutum takwas, abu ɗaya ka samu sau takwas. Ka jona wuta, ka jona allo, ka jona hannu, wato abin da ɗan wasa ke riƙewa yana dannawa, a fara. Yaron da ya zo taya mu aiki da safe, kafin rana ta take ya iya kula da tebur biyu shi kaɗai.

Ba wai babu ciwon kai ba. Wata rana wani ya gama wasansa da hannu mara waya, bai raba shi da na'urar ba ya yi gaba. Yana bakin ƙofa ya jefa hannun cikin jaka, maɓallin tsakiya ya dannu, wasan wasu mutum biyu da ke turmin ƙarshe ya tsaya cak. Ƙa'idar da aka saba ita ce wanda ya dakatar da wasa ya rasa turmin. To wa za ka ci tara, alhali mai laifin yana waje yana hira? Daga ranar na kafa doka: duk wanda ya zauna, sai an goge hannayen da na'urar ta riƙe kafin a taɓa komai. Wata rana kuma sai da mutum ya zauna ya nemi jaruminsa aka ga babu shi, domin irin jaruman nan ne da ake saya daban bayan fitowar wasa, mai konsol ɗin kuma bai saya ba. Laifina ne, ban duba ba.

Manyan gasa ma ba su tsira ba. A Evo, babbar gasar wasannin faɗa ta duniya, ta 2023 a Las Vegas, inda sama da mutum 7,000 suka shiga Street Fighter 6, 'yan wasa sun yi ta wallafa hotunan bakin wayoyinsu da suka lalace a ramin USB na konsol ɗin PlayStation 5 (PS5), bayan na'urorin sun yini a kunne ana cirewa ana jonawa. Ga kuma batun hannu: wasannin PS5 ba sa karɓar DualShock 4, hannun PS4, shi ya sa da yawa ke yawo da 'yar na'urar sauyi irin ta Brook a aljihu.

Gardamar ma ta girme ni a harkar. A 2004 masu shirya Evo suka bar akwatunan arked, manyan na'urorin nan na gidajen wasa, suka koma konsol a yawancin wasanninsu, tsofaffin hannu suka yi ta cewa an bar ainihin wasa an kama kwaikwayo. A gasar shekarar ne kuma ɗan wasa Daigo Umehara ya tare duka 15 a jere daga Chun-Li, jarumar da abokin karawarsa Justin Wong ke juyawa, abin da har yau ake kallo. Zamanin Street Fighter IV, Xbox 360 aka fi so a kan PS3 saboda ya fi ƙarancin jinkiri, kuma da aka fitar da Ultra Street Fighter IV a PS4 a 2015 cike da kurakurai, Evo ta zauna a kan Xbox 360 ɗinta. Sai Street Fighter V a 2016, wanda jinkirinsa a PS4 ya kai wajen firem 8, har abin ya zama abin ba'a, kafin Capcom, kamfanin da ke da wasan, ta rage shi a 2018. A nan ne mutane da yawa suka fara kallon kwamfuta da idon sha'awa.

Annobar korona ta 2020 ta ƙarasa aikin. Ɗakunan gasa suka rufe, kowa ya koma intanet, masu hali suka sayi kwamfuta da allo mai saurin sabunta hoto. Da aka dawo haɗuwa ido da ido, hannayensu sun riga sun saba da wani abu daban. Da Capcom ta ce a kan kwamfuta za a yi babbar gasarta, Capcom Cup IX, a Fabrairun 2023, da allon da aka saita a 144Hz, wato yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa, sai 'yan wasanmu suka samu hujja. Kullum maganar ke nan: "Yallaɓai, manya ma sun koma." Suna kuma tuna mini cewa tun 2021 da Sony, mai ƙera PlayStation, ta shiga cikin waɗanda suka sayi Evo, zaman PlayStation a manyan dandamali ba batun inganci ba ne kaɗai, akwai cinikayya a ciki. Ban musa ba. Ni kaina a gida a kwamfuta nake wasa.

Sai na biye musu. Gasa ta gaba muka ce kwamfuta zalla.

Abin da ban lissafa ba shi ne, Capcom ba aron kwamfuta ta yi ba. Mu kuwa aro muka yi, kuma kwamfuta takwas daga mutum takwas halittu takwas ne. Wannan katin hotonta sabo, waccan nata ya kwana biyu. Ɗaya tana tafiya lafiya har sai an zaɓi filin da ke da tarkace da walƙiya da yawa, sai ta kasa cika firem 60. A wasan faɗa kuwa idan firem ya ragu ba hoto ne kaɗai ke tsinkewa ba, wasan kansa ne ke jan ƙafa, lokacin kowane haɗin duka ya goce. Wata mun sake kunna ta sai ta ce ita sabunta kanta za ta yi, muka tsaya muna kallon ɗigo yana zagaye, mutum biyu na zaune da hannayensu a cinya. Wata ta fitar da mu daga asusun da aka sayi wasan, ta nemi lambar da aka tura wayar mai ita, mai ita kuma ya fita, wayarsa ba ta shiga.

Amma abin da ya fi cin lokacinmu shi ne sauyin hannu. A gida mutum ɗaya ne da hannu ɗaya, ya jona shi wata guda bai cire ba. A gasa kuwa duk bayan 'yan mintuna sai an cire biyu an jona biyu, kuma kowa da irin nasa: mai fad (hannun da konsol ke zuwa da shi), mai sanda, mai akwatin maɓallai zalla. Sai ka ga na hagu yana juya jarumin dama. Sai ka ga wasan ya ƙi ganin hannu har sai an rufe shi an sake buɗewa. Wani akwatin sai an riƙe wani maɓalli yayin jonawa kafin ya shiga yanayin kwamfuta, mai shi kuma bai taɓa sani ba. A konsol kowane mai taya aiki zai warware matsalar tebur. A nan duk tebur ni yake kira, ni da wani abokin aikina ɗaya da ya san kan abin, muna ta kai-komo kamar masu kashe gobara. Mun gama a makare ƙwarai, wasu sun tafi ba su buga wasansu ba.

Akwai kuma abin da ya hana ni sakewa. Kwamfutar mutum ɗakinsa ce, ba ka san abin da ya ajiye a ciki ba. A ɗaya daga cikinsu muka tarar an sauya wa jarumai kaya da irin gyare-gyaren nan da ake kira mod. Namu dai abin dariya ne. Amma a 2023 wata gasar Street Fighter 6 da ake yaɗawa kai tsaye ta sha kunya, an manta da mod ɗin da ya tuɓe wa wata jaruma kaya. Wanda kuma ya iya sauya kaya, zai iya sauya abin da ido ba ya gani. Ban zargi kowa ba, amma ba ni da amsar da zan ba wanda aka cinye idan ya tambaya.

Daga nan ne na fito da dabarar da na ɗauka ta raba gardama: zagayen farko a konsol don sauƙi, takwas na ƙarshe a kan kwamfuta ɗaya mai ƙarfi, wadda ni da kaina na wanke na saita. Masu son sauri sun samu, ni ma na huta. Har yabon kaina na yi. Ban tsaya na tuna cewa mutum zai yi sa'o'i hannunsa yana daidaita da na'ura ɗaya, sannan a wasan da ya fi kowanne nauyi in canja masa ƙasa a ƙarƙashin ƙafa ba. Waɗanda ke atisaye a kwamfuta a gida suka ji kamar an kwance musu mari. Waɗanda konsol kaɗai suka sani, irin yaron nan, suka biya kuɗin wayona. Babu ma teburin ɗumama hannu mai irin na'urar dandamalin.

Bayan wannan gasar na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na ɗauki waya mai ɗaukar bidiyo a hoto 240 cikin daƙiƙa, na jingina ta yadda za ta kama yatsana da allo a tare, na danna maɓalli sau da yawa a kowane tebur, sannan na zauna ina ƙirga hotuna tsakanin saukar yatsa da motsin jarumi. Kowane hoto huɗu na kyamara firem ɗaya ne na wasa. Ba awo ne na ƙwararru ba, amma ya buɗe mini ido. Kwamfutar ta fi sauri, wannan gaskiya ne. Sai dai tebur mafi jan ƙafa a cikin konsol ɗinmu ba konsol ne ya ja masa ba, talabijin ne da muka cike gurbi da shi, ba a ma sa shi a yanayin wasa ba. Mun shekara muna musu a kan na'ura, ashe a cikin ɗaki ɗaya ma ba wasa ɗaya muke ba mutane ba.

Yanzu ga inda na tsaya. Gasar da ƙofarta a buɗe take, kowa ya zo da hannunsa, kayan kuma na aro ne, konsol nake sawa, daga wasan farko har na ƙarshe, da allo iri ɗaya a kowane tebur ko da hakan zai rage yawan teburan. Na san ba shi ne mafi sauri ba, kuma na daina yi wa masu ƙorafi musu a kan haka. Kwamfuta zan yarda da ita ranar da mutum ɗaya ya kawo su duka iri ɗaya, aka saita ɗaya aka kwafe ta a sauran, aka kashe sabuntawa, aka kuma ajiye mutum wanda ba shi da wani aiki sai su. Ga gasar gayyata ta mutum goma sha shida, wannan mai yiwuwa ne, kuma ta fi. Wani lokacin har ina ƙyashin masu Super Smash Bros., su da kamfanin Nintendo ya yanke musu gardamar: Melee na 2001 a GameCube da tsohon talabijin mai ƙeya, Ultimate na 2018 a Switch, a wuce wurin.

Sunan na'ura da samfurin allo kuma yanzu a layin farko na sanarwa nake rubuta su, makonni kafin ranar, saman kyautar da za a ci ma.

Yaron ya dawo a gasar da ta biyo baya. Ya karanta sanarwar, amma duk da haka da ya shigo bai je wajen rajista ba. Ya wuce kai tsaye dandamali, ya durƙusa ya ɗaga ƙyallen tebur, ya bi wayar allo da yatsa har inda ta shiga. Sannan ya miƙe, ya kaɗe gwiwarsa, ya zo ya ba ni sunansa.